Ƙugiyar da Ta Kashe Alhaji Ɗanbala

"Yaya Lailatu, ki riƙe maganar nan da kyau. Idan na gama da shafin nan, ko kuskure ya zo da rakiyar soja ba zai samu ƙofar shiga ba. A duk Keffi, kai, ki haɗa har da Abuja, mu biyu ne muka iya aikin nan, kuma ɗayan ni na koya masa."

Mai wannan cika baki ƙanena ne, Zulkifilu, uwa ɗaya uba ɗaya, saboda haka kada ka ce na ci mutuncin ɗan mutane. Ni na goya shi, ina da lasisin zaginsa. Shi yana kiran kansa Injiniya. Mu a gida Injin Niƙa muke ce masa, don in ya fara surutu sai an ɗauke wuta yake tsayawa. Ya yi wani kwas na kwamfuta a waya, ya sayi tabaran da ba na magani ba, ya rataya jaka a baya, shi ke nan gari ya yi masa kaɗan.

Bari in gaya maka wane shafi ake magana. Mu 'yan unguwar Yara muna da ƙungiyar zumunta, kuma sunan unguwar ne kawai Yara, dattawa ne fal a ciki. Ƙungiyar tana da shafin intanet da wani Victor ya gina mata. In an yi rasuwa ko haihuwa ko ɗaurin aure, sai a shiga a cike sanarwa, a danna, nan take saƙo ya faɗa wayar kowane ɗan ƙungiya, na cikin gari da waɗanda zama ya kai Agwada da Gitata. Da Victor ya samu aiki a Abuja, aka ce wa zai riƙe shafin? Kafin a rufe baki Injin Niƙa ya ɗaga hannu biyu.

Ba don Allah ya ɗaga ba, kuma ba don zumunci ba. Shugaban ƙungiyar shi ne Alhaji Ɗanbala, tsohon ma'aikacin gwamnati, dattijo mai magana ɗaya. Autarsa Khaulat ita ce ta hana ƙanena barci. Kawunmu Dabo ya riga ya je neman izini, Alhaji ya ce a ba shi lokaci ya ga hankalin yaron tukuna. To, a kan shafin nan Zulkifilu ya yi niyyar baje hankalin nasa, kuma ya baje shi kowa ya gani.

A shagona na atamfa ya kafa ofis, don a nan ake samun fanka da cajin banza. Ya buɗe kwamfuta ya gyara tabarau.

"Kin san mene ne firemwok?"

"Na gado ko na taga?"

"Kin ji matsalar ƙasar nan. Firemwok shi ne ƙashin bayan shafi, a kansa ake ɗora komai. Victor ya ce kafin in taɓa ko waƙafi in fara kafa gwaji mai sarrafa kansa. Kamar ni za a gaya wa."

"Da kai ka san da shi?"

"Tun Victor yana firamare. Gwajin iri biyu ne. Na farko a bi shafin gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa a tambaye ta ko tana aikinta. Na biyu burauza, wato manhajar shiga intanet, ta buɗe kanta, ta shiga shafin, ta cike, ta danna, kamar mutum ne zaune. In lafiya, allo ya nuna kore. In da matsala, ja. Yanzu ki kalli kore."

Ya danna. Allo ya yi ja wur daga sama har ƙasa, kamar kasuwar tattasai. Na ce masa ko ni ce ba na gane kala. Ya ce hasken shagona ne ba shi da kyau, kuma gwaje-gwajen da Victor ya fara rubutawa suna da tsaurin ido, suna tambayar abin da bai shafe su ba.

Ka san yadda ya gyara? Bin su ya yi ɗaya bayan ɗaya yana goge tambayoyin. Wanda ke tambayar ko saƙo ya fita daidai, ya goge. Wanda ke tambayar ko suna ya zauna daidai, ya goge. A gurbin kowanne ya rubuta tambaya guda: shin ɗaya daidai take da ɗaya? Kwamfuta, baiwar Allah, ta ce ƙwarai kuwa. Allo ya koma kore shar. Ya ɗauki hoto ya tura wa Khaulat, ya rubuta a ƙasa wai somin taɓi ne.

Ana nan sai ga kiran Victor, ya sa a sifika don in ji yadda manya ke magana. Victor ɗan Eggon ne, Hausarsa ba ruwanta da ƙugiya a baki, ƙofa da kofa duk ɗaya ne a wurinsa, amma a rubuce ya san darajarta.

Ya ce, "Oga Zulki, abu biyu. Akwai shafin gwaji, kwafi ne, ba ya aika wa kowa saƙo. Can za ka tura burauza, kar ka kai ta shafin gaske. Na biyu, ka gwada da suna mai ƙugiya, irin ɗa da ƙa ɗin nan naku. Wani lokaci firemwok ɗin yana haɗiye su ya tofo alamar tambaya."

"Victor, Victor. Kana koya wa malaminka karatu?"

Da ya kashe wayar na ce, "Ina shafin gwajin?"

Ya ce, "Na 'yan koyo ne. Direban gaske a kan titi yake gwada mota."

Gaskiyar magana, kalmar sirrin shiga shafin gwajin ce ya manta, kuma gara a yanka shi da ya kira wanda ya ce ɗalibinsa ne ya tambaya.

Saura suna mai ƙugiya. Hausa cike take da su. Ga Ɗahiru, ga Ɗanladi, ga Ƙasimu, ko Ɗan Tsuntsu ya rubuta da an zauna lafiya. Amma mutumin da ya kwana ya tashi da sunan suruki a ƙoƙon kansa, wane suna zai fara zuwa masa? Ya rubuta Alhaji Ɗanbala. Sanarwar da ke saman jeri kuwa ita ce ta rasuwa, shi kuma ba mai wahalar da yatsa ba ne wajen gangarawa ƙasa. Wurin da aka ce a rubuta ciwon da mamaci ya yi fama da shi, ya rubuta gwaji.

"Matso ki ga aljanin da na ɗaure," in ji shi.

Wallahi na sha mamaki, ba zan ɓoye ba. Burauza ta buɗe ba wanda ya taɓa ta, rubutu yana shiga da kansa, kibiya tana tsalle. Kafin in karanta komai ta danna ta rufe. Allo ya nuna kore. Zulkifilu ya miƙe yana neman wanda zai tafa da shi.

Sai wayata ta yi ƙara. Tasa ta yi. Ta mai shagon takalma ta yi. Layinmu gaba ɗaya ya ɗauka, ƙit-ƙit-ƙit. Na duba: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya yi wa Alhaji Ɗanbala rasuwa bayan ya yi fama da gwaji. Jana'iza bayan sallar Azahar a ƙofar gidansa.

Na ɗago na dube shi. Na ce, "Zulkifilu, ka kashe surukinka."

Ya leƙa wayar ya gyara tabarau. "Amma dubi ƙugiyar. Ta fito cas, babu alamar tambaya."

Ka san mu da gawa ba a jira. Kafin in ja ƙofar shago in isa gidan, an shimfiɗa tabarmi, matasa sun ɗauki diga sun nufi maƙabarta, mata suna ta shiga da salati. Mamacin kuwa yana ɗakinsa na zaure da kwanon doya da manja a gabansa, wayarsa tana aljihun wata riga a cikin gida. Liman ne ya fara ɗaga labule don ya ga inda aka kwantar da shi. Alhaji ya ɗago ya ce, "Bismilla, Malam." Liman ya saki labulen ya fito da baya, takalminsa ma sai daga baya aka kai masa.

Haka Alhaji ya fito ya zauna a tabarmar makokinsa yana amsa gaisuwa. Mutanen Gitata sun cika mota sun zo. Wani tsoho daga Agwada ya sauka daga babur, ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Alhaji, da ka aiko cewa ka fasa, ai da ba mu bar gona ba." Wasu kuma suna gefe suna tambayar juna wane irin ciwo ne gwaji, ko yana yaɗuwa.

Kana tsammani ƙanena ya ɓuya? A'a. Kutsawa ya yi har gaba ya durƙusa.

"Baba, 'yan kutse ne daga ƙasar waje. Na ga sawunsu. Ku bar ni da su, sun taɓo wanda ya fi ƙarfinsu."

Alhaji ya goge manja a yatsa ya ce, "To, Allah ya taimaka."

A hanyar gida na ce masa ya kashe abin nan, ya kira Victor ya ba shi haƙuri. Ya tsaya ya dube ni da tausayi, irin kallon da ake yi wa wanda bai je makaranta ba.

"Yaya, gwajin bai yi laifi ba, ai kore ya nuna. Kuskuren ɗaya ne, na zaɓi labarin baƙin ciki. Zan mayar da shi kan haihuwa. Wa ya taɓa yin fushi don an ce an yi masa ƙaruwa?"

"Ka dai cire sunan Alhaji."

"In cire ƙugiyar da ta riga ta ci jarrabawa? Kimiyya ba ta aiki haka."

Ni na ɗauka a bakinsa maganar za ta tsaya. Ashe har ƙari ya yi: ya saita abin yadda duk lokacin da ya canza wani abu a shafin, burauza za ta tashi da kanta ta yi aikinta ba sai ya danna ba. Kuma a wurin yawan jarirai ya zaɓi mafi yawan da shafin ya yarda da shi, wai gwanaye daga ƙarshen iyaka suke gwaji.

Bayan 'yan kwanaki ya ga launin saman shafin bai yi masa ba, ya canza shi zuwa ruwan goro don Khaulat tana son kalar. Launi kawai ya taɓa. Sai wayoyin Keffi suka sake ɗauka: Alhamdu lillahi, an yi wa Alhaji Ɗanbala ƙaruwar 'yan uku. Mai jego da jarirai suna cikin gwaji.

Matar Alhaji ɗaya ce tal, Hajiya Inno, wadda jikarta ta fari tana jami'a. Tana tsakar gida tana shan maganin ciwon gwiwa mata suka fara sallama, wannan da sabulu, wannan da turmin zani, wata har da kanwa da kayan yaji na kunun jego. Kowace ta shigo sai ta gaida Hajiya ido yana kan cikinta. Wata ta ce ikon Allah ya wuce haka. Hajiya Inno ta jawo muciya ta ce duk wadda ta sake ce mata barka za ta ga ikon Allah a gadon bayanta. A waje kuma wani dillali ya iso da raguna uku, yana cewa a zaɓa tun kafin su yi tsada.

Ni kaina an sayi atamfa a shagona ranar, amma kunya ta hana ni jin daɗin cinikin.

Wannan karon zancen 'yan kutse bai shiga ba. Khaulat tana da hotunan kore cike da waya, kowanne da kirarin da ya yi wa kansa a ƙasa, kuma yarinyar ba wawuya ba ce. Alhaji ya aika a kira shi, ya ce in biyo shi. Muka zauna a zaure, ƙanena ya cire tabarau ya rasa inda zai sa su.

Alhaji ya ce, "Zulkifilu, na mutu a hannunka, na haƙura. Ka sa tsohuwa ta haihu, ita ba ta haƙura ba, amma ni na haƙura a madadinta. Ranar Asabar kawunka Dabo zai zo jin amsa. Daga yau zuwa ranar, in wayar wani ta sake kawo labarin ƙarya daga shafin nan, ka gaya masa ya huta da wanke babbar riga."

"Baba, in Allah ya yarda ko tari shafin ba zai sake yi ba."

Muna fita na kama kunnensa, ban damu da tsawonsa ba. Na ce ya rufe kwamfutar nan ya ba ni in kulle a akwati sai bayan Asabar. Tsoro nake ji da gaske, don na san yana son yarinyar, kuma duk shirmensa ba na so in ga ya rasa ta. Ya fizge kunnensa ya ce injiniya ba ya gudu daga fagen aiki, yau zai toshe bakin saƙon gaba ɗaya.

Washegari ya zo shago yana taku ɗai-ɗai.

"An gama. Na toshe. Na kuma cire sunan Baba na sa nawa, don a san ba na tsoro."

"Sunanka ai ba shi da ƙugiya."

"Na sa masa. Zulƙifilu. Har ya fi nauyi a baki."

"Ka tabbata saƙo ba ya fita?"

"Na tura wa kaina na gwaji daga wata waya, shiru kake ji. Ko motsi wayata ba ta yi ba."

Abin da gwanin ya toshe, ashe, ƙarar saƙo ce a wayarsa shi kaɗai. Ya rufe kunnensa ya ce gari ya yi shiru. Kuma tunda a ganinsa an toshe, sai ya mayar da gwajin kan sanarwar rasuwa, wai ita ce ta fi yawan guraben cikewa.

Ranar Asabar da hantsi, Kawu Dabo yana ɗaura rawani, Injiniya ya ga wani waƙafi a shafin da bai zauna masa daidai ba. Waƙafi fa. Ya gyara. Ina tsakar gida wayata ta yi ƙara, ta Kawu ta yi, ta maƙwabta ta yi ta bayan katanga. Allah ya yi wa Zulƙifilu rasuwa bayan ya yi fama da gwaji. Jana'iza bayan sallar Azahar.

Kawu ya karanta, ya warware rawaninsa a hankali, ya naɗe, ya ce a gaida mutan gida.

Na shiga ɗaki na miƙa wa mamaci wayata. Ya karanta, ya sake karantawa. Na ce yau dai bakin ya mutu. Ina! Can sai ga murmushi.

"Yaya, wannan dama ce. Ki shimfiɗa tabarmi, har da na aro. Yanzu Baba zai ga irin mutumin da yake shirin yin wasa da shi. In aka cika titin nan daga nan har bakin kasuwa, da kansa zai kawo mini Khaulat."

Ban shimfiɗa ba. Shi ya fita da kansa ya jera tabarmi har ƙofar maƙwabta, ya ajiye butoci, ya koma ɗaki ya laɓe a bayan labulen taga yana jiran jama'a.

Aka yi Azahar. Akuya ta zo ta kwanta a tabarma ɗaya. A dandalin ƙungiya na waya kuwa ana ta magana, na riƙa karanto masa ta taga, don haƙƙin mamaci ne ya san abin da ake faɗa a kansa. Wani ya rubuta, "Wane ne Zulƙifilu?" Wani ya ce, "Ko mai gyaran fanka ne?" Tsohon nan na Agwada ya sa an rubuta masa cewa in an binne a turo hoto tukuna. Victor ya turo daga Abuja cewa yana murna ƙugiya ta fito daidai.

Gab da La'asar sai ga mutum ɗaya tafe da sanda. Alhaji Ɗanbala ne. Ya kori akuyar, ya cire takalmi, ya zauna a tsakiyar tabarmin nan shi kaɗai, ya ɗaga hannu ya yi addu'a mai tsawo. Na fito na durƙusa. Ƙanena ya kasa daurewa, ya fito sumui-sumui ya tsuguna a gefe.

"Baba, ina wuni. Wato abin da ya faru, waƙafi ne..."

Alhaji ko kallonsa bai yi ba. Ni ya fuskanta.

"Lailatu, ya haƙuri?"

Na ce, "Da godiya, Baba."

"Allah ya jiƙansa. Yaro ne mai ƙoƙari, sai dai gwajin nan bai bar shi ba. Na ga ba a samu jama'a ba, na ce bari in zo, tunda shi ya halarci tawa."

"Baba, ga ni fa," in ji Zulkifilu.

Alhaji ya dafa sanda ya miƙe, ya zura takalmi, ya kakkaɓe riga.

"Af, na kusa mantawa. Khaulat ta ba ni saƙo ga iyalan mamaci. Ta ce a gaya muku ta yafe masa duniya da lahira." Ya ɗan yi gaba, ya waiwayo. "Ta ce kuma ta yafe shi."